Abin da Ɗantsoho Ya Ɓoye a Gafaka

A layin masu waya na Kasuwar Libiya da ke Omdurman, tsallaken kogi daga Khartoum, in ka tambayi Ubaidullahi sai a yi ta kallonka. Amma ka ce Ɗantsoho mai katun, ko mai shayi za ta nuna maka rumfarsa da leɓe. Sunan kakansa ya ci, kuma da yake babansa, Malam Jibirin, ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifinsa gatsal ba, sai Ɗantsoho ya bi shi tun yana zanin goyo. Sana'arsa tura finafinai a waya. Ka kawo wayarka, ka faɗi abin da kake so, kokawa ko wasan Turkiyya ko wa'azi, ya zuba maka ka kama gabanka. Da a nan ya tsaya, da ba wanda zai san da zamansa.

To bai tsaya ba. Ɗantsoho gyara yake bayarwa, kamar mai sayar da gyaɗa. Mutum ya je gida ya buɗe waya zai kalli dambe, sai ya tarar an ƙara masa abin da bai tambaya ba: katun ɗin Japan da yara ke ce wa anime, ko wani gajeren fim da wasu samari suka haɗa da guminsu, babu kamfani, babu tauraro, babu ko rawa. Washegari a dawo masa da faɗa.

"Ya zol, da me ka cika min waya? Ni yaro ne?"

"Ka kalla?" in ji Ɗantsoho, ko a jikinsa.

"Minti biyu na yi. Wata yarinya tana jiran mota, ruwa yana zuba, ba wanda ya ce uffan."

"To ai nan ne wurin! Koma ka ƙarasa."

Haka yake tun yana ƙarami a unguwarsu ta Umbadda. Bayan la'asar yaran unguwa su cika gidan maƙwabci mai talabijin, su kalli katun cikin Larabcin littafi, su fito suna wasan yaƙi da shi. Sa'anninsa duk sun girma sun bari, sun koma ƙwallo da zancen aure. Shi ko ya kai shekara talatin da huɗu bai warke ba. Ba faɗan ne ke jansa ba, kuma ba manyan idanun ba. Abin da ke kashe shi shi ne yadda masu zanen nan ke tsayar da labari cak, su nuna maka tukunya tana tafasa, ko mutum yana cin shinkafa shi kaɗai, su bar ka da shi. Yakan ce mutumin da ya zauna ya zana tururin tukunya da hannunsa, layi bayan layi, ya san darajar abinci fiye da mai dafa shi. An sha kama shi a rumfa yana share hawaye da wuyan jallabiya, a yi ta masa dariya, shi kuma ya ce ƙura ce.

Duk dukiyarsa tana cikin faifan ajiya guda, ɗan baƙin akwatin nan mai girman tafin hannu. Shekara goma sha biyu yana tara abin da ke ciki, kuma ba abin da bai raba wa mutane kyauta ba, sai fim ɗaya tak. Wannan ɗayan shi ne ya zame masa ciwon da har yau bai bar shi ba.

Fim ɗin Asma ne, 'yar Khala Khadiga mai godo-godo, wato irin furar can, maƙwabciyarsu. Ya girme ta da shekara goma, kuma shi ya lalata ta, in ji uwarta, don tun tana makaranta yake cika mata waya da gyara. Sauran mutane gogewa suke yi, ita kallo take yi ta dawo da gardama. Da ta shiga jami'a ta ari kyamara wurin wata ƙawarta, ta shafe wata takwas tana bin uwarta da ita, daga surfen gero har zuwa bakin titi inda take kafa roba da kofuna. Wata rana da azahar ta shigo rumfarsa da kwamfuta a hammata.

"Ustaz," ta ce, don haka take kiransa in tana son tsokana, "rufe baki ka buɗe ido. Minti goma sha tara ne. In ka yi barci ba ni ba kai."

Bai yi barci ba. Hannuwan Khala Khadiga ya gani suna mulmula gari, an bar su su kaɗai a fuskar kwamfutar har tsawon lokacin da mai gaggawa zai tashi ya fita. Ba a ganin Asma, muryarta kawai ake ji daga bayan kyamara tana tambaya, "Yumma, wa ya koya miki?", uwar tana korar ta tana cewa ta matsa tana tare mata haske. Can wajen ƙarshe akuya ta banko ƙafar kyamarar, hoto ya juye, fuskar Asma ta bayyana a karkace, tana dariya har tana riƙe ciki. Ba ta yanke wurin ba.

Fim ɗin ya ƙare. Ya kalli na Japan, ya kalli na ƙasashen da bai iya faɗin sunansu ba, amma bai taɓa zaton za a yi wa tsakar gidan da ya sani tun yana rarrafe irin wannan kallon ba.

"Ba ni kwafi," ya ce.

"Don ka watsa wa duk direban keken raksha na Omdurman? La, la."

"Wallahi ajiyewa zan yi."

"Ban gama gyaran sauti ba, kuma akwai inda nake son in aika shi. In ya fita kafin nan, khalas, ba za su karɓa ba. Ka rantse."

Ya rantse. Mutumin da bai iya riƙe fim a hannunsa kwana ɗaya ba sai ya cusa wa wani, ya riƙe wannan kamar sirrin ciki. Shi kaɗai yake kallo in kasuwa ta yi sanyi, ya fi sau arba'in. Ko a wayarsa bai sa ba, don kada wani ya ara ya gani. Sau ɗaya a rayuwarsa ya yi rowa, kuma da ya san abin da ke tafe, da ya karya rantsuwar ya yi kaffara, ya zuba fim ɗin a kowace waya da ke Kasuwar Libiya.

Yaƙi ya tashi ranar wata Asabar cikin azumi. Kwana uku kafin nan Asma ta haye kogi zuwa Hajj Yusuf wurin gwaggonta, sai gadoji suka zama wurin mutuwa, ta maƙale a can. Ɗantsoho ya samu ya kwaso faifansa daga rumfa kafin a fara wawashe kasuwa. Suka yi wata biyu a gida suna kirga ƙarar dana, wato harsashin igwa da ke faɗowa inda ya ga dama, har ruwa ya yanke, gari ya ƙare, aka ce mata da yara su fita. Shi zai raka uwarsa da ƙannensa garin Gadarif wurin dangi. Malam Jibirin ya ce shi ba inda za shi, ubansa da ƙafa ya zo ƙasar nan daga Katagum, ba zai bar gidan da ya gina don wasu yara masu bindiga ba.

Tafiya da faifan ba ta taso ba. Duk wanda ya bi hanya ya faɗa: a kowane shinge ana zazzage jaka, abin da ke da waya ko batir ba ya wucewa. Barinsa a ɗaki kuma kyauta ce ga ɓarayi. Ya kwana biyu yana zagaya gida da abu a aljihu, ya duba rufi, ya duba ƙarƙashin randa, sai idonsa ya faɗa kan gafaka.

Gafakar kakansa ce, jakar fata da ta yi baƙi don tsufa, a cikinta Alƙur'anin da tsohon ya rubuta da hannunsa, warƙa-warƙa ba ɗinki, ya goyo shi a bayansa duk tsawon hanyar hajji. Tana kan wani katako can sama a ɗakin Malam Jibirin, ba a sauke ta sai cikin azumi, azumi kuwa ya wuce. Ɗantsoho ya yi lissafinsa: ɓarawo zai ɗauki talabijin, zai ɗauki firji, amma ko wanda ba ya salla yana shakkar taɓa irin wannan. Ya naɗe faifan a leda, ya yi alwala, ya cusa shi can ƙasan jakar. Bai gaya wa babansa ba. Ina zai fara? Mutumin da ya shekara ashirin yana ce wa katun zanen aljanu? Ai mako biyu ne, in ji shi a ransa, ya dawo ya cire ba wanda ya sani. Kowa a Khartoum mako biyu ya ce.

A Gadarif labarin Asma ya iske su, wata na shida. Tana taimakawa a wani wurin dafa abincin sadaka na unguwa, dana ta faɗo a kan layin masu jira. Gidan gwaggon an riga an kwashe shi tas, har kwamfutar. Khala Khadiga ita ma ta fito, tana zaune a wani ajin makaranta da aka raba wa iyali huɗu da labule, wayarta kuma tun a shingen farko aka karɓe, da duk hotunan da ke ciki. Da ya je gaisuwa ba ta yi kuka ba. Sai da zai tafi ta riƙe masa hannun riga.

"Ɗantsoho, abin nan da ta dame ni da shi wata takwas. Ta ce min kana da shi."

"Ina da shi, Khala."

"Ana jin ta a ciki?"

"Daga farko har ƙarshe."

"To ka kawo min. Fuskarta ina gani in na rufe ido. Muryar ce, ya waladi. Muryar ce take guje min. Jiya na yi ta nema na rasa yadda take kiran sunana."

Ya ce mata yana nan a ajiye, a wurin da ba abin da zai same shi. A lokacin gaskiya yake faɗa, iyakar saninsa.

Bayan wata uku Malam Jibirin ya iso a bayan wata motar gawayi, ya rame har jallabiya tana yawo a jikinsa, ba komai a hannunsa sai carbi. Aka yi kuka, aka yi hamdala, aka ba shi ruwa. Ɗantsoho ya daure har tsohon ya ci abinci, sannan ya matsa kusa.

"Yaba, gafakar fa?"

Fuskar tsohon ta yi haske, karo na farko tun da ya sauka. "Tana inda ba mai taka ta da takalmi," ya ce.

Ya ba su labari. Masu bindiga sun shiga gidan Almahdi da ke jikin nasu, sun tone tsakar gida suna neman zinariya, sun watsa littattafai, da idonsa ya ga warƙa da shatin takalmi a kanta. Ranar ya san lissafin da ya yi na cewa za su ji tsoron Allah ba lissafi ba ne. Binnewa a gida ba amfani, tunda gidaje ake tonewa. Wuri ɗaya ne ba a tonewa. Hanyar maƙabarta ta rufe tun tuni, mutanen unguwa sun koma binne mamatansu a filin ƙwallo. Sai ya ciro likkafaninsa da ya daɗe da tanada, ya yanki ƙyalle, ya naɗe gafakar tsaf, ya rungume ta ya fita da safe. Ba wanda ya tare tsoho mai ɗauke da ɗan farin ƙunshi. Wasu mutum biyu ma suka zo suka taya shi haƙa, suka yi masa ta'aziyya, bai gyara musu ba. Ya yi mata kabari sosai, mai fuskantar alƙibla, ya tara ƙasa kamar na kowa, kuma da gangan bai sa alama ba.

Duk wanda ke wurin ya ce masha Allahu, ban da Ɗantsoho. Ya jira mata suka tashi, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya yi.

Malam Jibirin ya daɗe yana jan carbi. "Shi ya sa na ji ta ƙara nauyi," ya ce daga baya. "Na ɗauka hannuna ne ya tsufa." Sai murya ta canza. "Zanen aljanunka ka cusa a cikin rubutun ubana?"

"Har da fim ɗin Asma, Yaba. Muryarta. Babu wani kwafi a duniya."

Tsohon ya juya masa baya. Kwana goma sha ɗaya bai amsa gaisuwarsa ba, kuma wannan shirun ya fi wa Ɗantsoho duka zafi. Ba su ƙara tayar da maganar ba sai da damina ta kawo ciwon gudawa, Malam Jibirin ya kwanta. Ranar da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya yafito ɗansa da yatsa.

"Bayan turken gola na gabas," ya ce, yana numfashi da ƙyar. "Akwai kabarin jaririyar Tariq maƙwabcinmu. A gefensa."

"Dama ko hagu, Yaba?"

"A gefensa," tsohon ya sake cewa, ya rufe ido. Bai ce tona ba, bai ce kada ka tona ba. Kwana biyu bayan nan aka kai shi makwancinsa.

Sai da yaƙi ya shekara biyu da 'yan watanni kafin hanyar Umbadda ta buɗe. Ɗantsoho yana cikin motocin farko. Ya tarar da gidansu ba ƙofa, ba taga, har wayoyin lantarki an zare daga bango. Ko jakarsa bai ajiye ba ya wuce filin ƙwallo.

Filin da ya sani babu shi. Kaburbura ne layi-layi daga wannan turke zuwa wancan, damina biyu ta bi ta kansu ta danne su, allunan da aka kafa kuma duk an cire an yi girki da su lokacin da gawayi ya yanke. Ya zagaya bayan turken gabas. Ƙananan tudu uku ne jere da juna, tsawonsu ɗaya, ba abin da ya bambanta su. Ɗaya jaririyar Tariq ce. Ɗaya gafaka ce. Ɗaya kuma wani ɗan ne da aka kawo daga baya, na wa, Allah kaɗai ya sani. Ya tsuguna a gabansu har rana ta ƙona masa ƙeya.

Ba a ce bai bi hanya ba. Ya nemi Tariq, aka ce sun yi Masar, lambar da aka ba shi ba ta shiga. Ya nemi mutum biyun da suka taya babansa haƙa, ba wanda ya san su. Ya bi gida-gida wurin tsirarun da ba su gudu ba, kowa ya ce a lokacin ana binnewa ne ana waige, wa ke kirga na wa ke ina. Ya je wurin limamin unguwa ya faɗi komai, yana jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Liman ya saurare shi da haƙuri, ya ce ya jira ma'aikatan da ke kwashe kaburburan cikin gari suna mayarwa maƙabarta, in sun zo ya tsaya a wurin. Yaushe za su zo? Unguwa-unguwa suke bi, kuma ba filin da ba shi da nasa, ƙila bana, ƙila baɗi. "Amma kai da hannunka," in ji liman, "kada ka kuskura. Ba a tone ɗan mutane a kan wataƙila."

Jira kuwa shi ne abin da ba shi da shi. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, damina ta uku ke nan za ta sauka a kan leda guda ɗaya da ya naɗe abin da ita. Khala Khadiga ta dawo ita ma, ciwon suga ya kumbura mata ƙafafu, ido ɗaya ya rufe, tana tafiya da sanda. Gidanta yana kallon filin. Kullum ya wuce sai ta ɗaga kai daga inuwar ƙofa.

"Ɗantsoho, ka samo?"

"Ana nan ana nema, Khala."

"To. Kada dai ka daɗe. Ni ma ba na jin zan daɗe."

Ba da zafi take faɗa ba, shi ya sa abin ke cinsa. Ya daina cin abincin kirki. Ya daina kallon komai, shi da ba ya iya wuni bai ga hoto yana motsi ba. Sai lissafi: babansa bahago ne, zai fi juyawa hagu, a'a, mai neman albarka dama zai bi, na tsakiya dai ko jaririyar ce ko gafakar, in na ukun daga gefe aka ƙara, to in ta wancan gefen aka ƙara fa? Ya zana tudun uku a ƙasa ya goge ya fi sau ɗari. A ƙarshe ya tsayar da na hagu, ba don ya tabbata ba, sai don ya gaji.

Ranar wata Talata ya ari shebur, ya jira tsakar rana, lokacin da zafi ke korar kowa cikin ɗaki. Ya yi alwala. Ya tsaya a kan tudun hagu ya yi sallama, ya ce, "In ɗan wani ne kai, ka yafe min," ya kafa shebur. Ƙasar ta yi tauri a sama, daga baya ta yi laushi. Gumi yana shiga masa ido. Da ramin ya kai gwiwa ya ajiye shebur ya koma yaƙushi da yatsu. Ya cire wani bulo, ya cire na biyu. Sai ga bakin ƙyalle, fari a da, yanzu ya koma kalar ƙasa.

Nan ya daskare. Sai a lokacin ya gane abin da duk lissafinsa ya tsallake: ko wanne ya tona, abin da zai fara gani ke nan. Babansa da likkafani ya naɗe ta.

"Kai! Kai wane marar tsoron Allah ne?"

Khala Khadiga ce. Daga ƙofarta ta hango mutum yana tonon kabari da rana tsaka, ta jawo ƙafafunta ta ratso filin tana ɗaga sanda. Da ta iso bakin ramin ta ga ko wane ne, sandar ta sauka a hankali.

"Ɗantsoho? Ka haukace?"

Daga cikin ramin ya gaya mata komai, gafakar, ledar, likkafanin, tudun uku. Magana tana fita tana karo da juna, yana kuka ba ya ko sharewa. "Yana iya zama nan, Khala. Ja ɗaya kawai. In ɗaga bakin ƙyallen nan in ga fata ce ko... ja ɗaya, mu sani."

Ta dubi ƙyallen da idonta mai gani. Ta daɗe tana dubansa, leɓenta yana motsi, kuma ya ga sarai tana so. Ba a ɓoye irin wannan son.

"In ba ita ba ce fa?" ta ce.

"Sai in mayar, in roƙi gafara. Ba wanda zai sani."

"Uwarsa ba za ta sani ba, ko?" Ta dafa sanda ta sauka ƙasa da ƙyar, ta zauna a bakin ramin. "Ka san inda Asma take kwance?"

Ya girgiza kai.

"Ni ma ban sani ba. Wasu bayin Allah ne suka binne min ita a gefen wani titi a Hajj Yusuf, su ma suna gudu. Ba allo, ba komai. Tun ranar roƙona ɗaya a kowace salla: ya Rabbi, kada wani ya sa mata shebur yana neman kayansa." Ta nuna ramin da haɓa. "Mayar."

"Khala, minti goma sha tara ne. Tana kiranki Yumma. Tana dariya a ciki, wallahi tana dariya."

"Na sani. Mayar, ya waladi."

Ya tsaya da hannunsa a kan ƙyallen. Yatsa biyu kawai ake bukata. Ya ji taurin wani abu a ƙarƙashi, wanda zai iya zama fata busasshiya, zai iya zama wani abin. Ya janye hannun. Ya mayar da bulo na farko, ya mayar da na biyu, ya fito ya shiga tura ƙasa da tafin hannu, don ya kasa sake taɓa shebur ɗin. Ita ma tana turawa daga inda take zaune, kaɗan-kaɗan, har tudun ya tashi. Ta lallaɓa samansa ta daidaita shi da 'yan'uwansa, ta karanta Fatiha a kan duka ukun.

Ba wanda ya tashi a cikinsu. Can ta juyo, ƙasa har gwiwar hannunta.

"Ka ce ka kalle shi sau arba'in."

"Ya fi."

"To yi min. Dariyar. Yaya take yi?"

Ya buɗe baki. Akuyar tana nan a idonsa, da ƙafar kyamarar, da hoton da ya juye, da fuskar a karkace, da hannun da ta riƙe ciki da shi. Komai yana nan, yana motsi tsaf, ba abin da ya ɓace. Ya saurara, ya ƙara saurarawa. Khala Khadiga ta matso da kunnenta kusa da shi tana jira.

"Khala," ya ce, "ba sauti."